Duba-gari a Ɗakin Sanyin Al Qusais

Sunana Haladu. Shekara goma sha bakwai na yi ina duba nama a kwatar garinmu, a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kafin a kira wata tantancewa a ce ba ni da difloma, a cire sunana a sa na ƙanen matar kansila. Ban musa ba, ba ni da difloma. A aji uku na sakandare na tsaya, sai kwas na wata tara da aka tura mu muka koyi duba hanta da huhu. Wanda aka sa a gurbina kuwa, in ka ajiye masa saifa da ƙoda ba zai ce ga wannan ga waccan ba. Ba zan faɗi sunan garin ba, don 'ya'yana har yanzu a can suke. Abin da ya kai ni Dubai ke nan ina da shekara arba'in da shida, lokacin da sa'o'ina suke aurar da 'ya'ya.

Zangona na farko Al Buteen ne, bakin ruwa a Deira. Ejan ɗin da ya kawo ni ɗan ƙasarmu ne, mai farar shadda da carbi mai tsada, irin mutumin da in ya yi maka sallama sai ka ji kunyar zarginsa. Tun a gida ya ce min wani kamfani yana neman mai duba nama, aikina sak. Ya sauke ni a wani ɗan otal, mu bakwai a ɗaki ɗaya, ya karɓi fasfona ya ce za a kai ofis. Kwana goma sha tara ina bin sa a waya, kullum amsa ɗaya, wai gobe, da Larabci: "Bukura, Malam Haladu, bukura inshallah."

Da rana ba ni da wurin zuwa sai bakin ruwan, in zauna ina kallon ƙananan jiragen katako suna ƙetarar da mutane. 'Yan kasuwar Kano suna wucewa da kwalaye, ana ta Hausa kamar a Kwari, amma ban yarda na yi wa kowa magana ba, kada a tambaye ni ɗan wane gari ne, labari ya koma gida cewa Duba-gari yana zaman kashe wando a Dubai. Wani Bapakistane mai gasa gurasa a lungun otal ɗin ya lura kullum ina wucewa ina kallon tanderunsa ba na saya. Wata rana ya miƙo min guda mai zafi a takarda. Na nuna masa aljihuna, ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Haka ya dinga yi har na bar unguwar. Ban san sunansa ba har yau. Ejan ɗin kuwa na san sunansa da na ubansa, na bar shi da Allah, amma kada wani ya ce na yafe.

Da aikin ya zo, kamfanin nama ne, a nan bai yi ƙarya ba. Sai dai a takardar, ɗan dako aka rubuta.

Aka kai ni Al Qusais, unguwar manyan ɗakunan ajiya. Namu ɗakin sanyi ne. A waje rana tana dafa kwalta, a ciki sai ka sa riga uku da safar hannu. Raguna da aka yanka a wasu ƙasashe ake kawowa ta jirgin sama, kowanne a naɗe da farin ƙyalle, mu sauke daga mota mu rataye, gobe mu sauke mu loda wa motocin otal-otal. Ni da a gida mahauta suke miƙewa in na shigo kwata, ga ni da rago a kafaɗa wani yaron Ba'indiye yana hanzarta ni yana ce min, "Yalla, yalla, baba!" Abin da ya fi damuna ba nauyin ba ne. Naman ba ya wari, ba ya ƙanshi, ba ɗumi. Sai in tuna kwatarmu da hantsi, jini yana tururi, ungulaye a kan katanga, mata masu abinci suna faɗa a kan kayan ciki. Wa zai ce mutum zai yi kewar ungulu?

A ɗakin da muke kwana, gado mai bene ne, ni a ƙasa, a sama wani Bamaraɗe, Garba, shi ma dako yake yi a wani kamfanin taya. Shi ya sa ban haukace ba, don bakinsa ba ya hutawa. In na dawo ina dafe da ƙugu sai ya leƙo ya ce, "Musiye Duba-gari, yau rago nawa ka duba da bayanka?"

Na kusa cika shekara biyu a haka, a 2019, mudir, wato manajan ɗakin sanyin, ya kira ni. Ya ce ina da jinkiri, ya ce bayana ya fara ba su matsala, ya ce in bizata ta ƙare ba za su sabunta ba. Saura sati goma. Na fito na tsaya a rana da riguna uku a jikina ban ma ji zafi ba. In na koma, in koma wa me? Aikin an ba wani. Gonar da zan noma ita na sayar, kuɗinta ya kawo ni.

Bayan kwana biyu da wannan magana, da safe, motar filin jirgi ta kawo raguna. Na saɓa na huɗu ko na biyar, sai hannuna ya sauka a gindin karfata, na ji wani ɗan ƙullutu kamar ƙwallon goruba a ƙarƙashin kitse. Wallahi ban yi tunani ba. A kwata in hannunka ya ji wannan, ba ka neman iznin kowa, wuƙa kake zarowa. Na ajiye ragon a kan tebur, na ɗauki wuƙar da muke yanke igiyar kwali, na farke ƙyallen na tsaga. Kaluluwa ce ta kumbura, mugunya ta fito mai kauri kamar kunun kanwa. Na koma mota na shafa sauran, na ware guda shida, na tsaga su duka. Biyar suna da ita.

Sai da na ɗago na ga kowa ya tsaya yana kallona, sannan na tuna ba a garinmu nake ba. A nan ɗan dako ba ya taɓa ƙyallen, balle naman. Mudir ya zo a guje yana ihu.

"Kai mahaukaci ne? Wa ya ce ka yanka? Kayan kamfani! Khalas, shi ke nan, yau za ka tafi, ba sai sati goma ba!"

Na ce, "Naman ba shi da lafiya."

"Kai likita ne?"

Likitan naman kamfanin kuwa yana bayansa. Wani dogon Bature ne mai furfura, kullum yana warin taba, na sha ganinsa da farar riga amma ba mu taɓa magana ba. Ya ture mudir gefe, ya sunkuya a kan ragon. Ba mugunyar ya duba ba, bakin yankan ya duba. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce da Turancinsa, wanda bai fi nawa gyara ba sosai, "Wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Sau ɗaya ka sa wuƙa a kowanne, kuma a kanta ka sauka. A ina ka koya?"

"Shekara goma sha bakwai a kwatar ƙaramar hukuma."

Sai ya yi dariya ya bugi ƙirjinsa. "Ni goma sha biyu."

Ashe Musulmi ne, sunansa Idirisu, ni dai Dakta nake ce masa. Daga wata ƙaramar ƙasa mai duwatsu a gabashin Turai yake, kuma ragunan nan daga ƙasarsu suka zo. A gabana ya karanta lambar da ke jikin hatimin cinyar ragon, ya buga waya, ya yi ta yarensu. Kafin azahar ya san garin da aka yanka su, da kwatar, da ranar, da garken da suka fito, da sunan wanda ya duba ya yi sakaci. Ni na yi zaton tsafi ne.

Ya ja ni muka sha shayi a bayan ɗakin sanyin, na tambaye shi yadda aka yi.

Ya ce ƙasarsu ta daɗe tana neman a shigar da ita babbar ƙungiyar nan ta ƙasashen Turawa. Ya ce, "Shugabanninmu suna zuwa taro, su sa hannu, a ɗauki hoto. Mu muna gani a talabijin muna cewa an kusa. Sai wata rana masu bincike na ƙungiyar suka zo. Ka san inda suka je? Ba fadar shugaban ƙasa ba. Garinmu suka zo. Magajin gari ya yanka musu rago, ya tara makaɗa. Wata mata a cikinsu, 'yar guntuwa haka, ta ce ta gode, ina kwata? Ta shiga da takalmin roba. Ta ce ina ruwan wanke wuƙa yake zuwa in an zubar? Ta ce a kawo mata littafin yanka na shekara uku. Ta buɗe tsakiya, ta ɗora yatsa a kan tunkiya ɗaya, ta ce a kai ta gidan mai ita."

Na ce, "Kuka kai ta?"

"Ina! Ba wanda ya san ko ta waye. Kunya kamar mu nutse. Daga ranar aka hana mu barci. Kowace tunkiya lamba a kunne. Kowane gari da littafinsa, gari ya kai wa lardi, lardi ya kai wa babban birni. In gari ɗaya ya yi ƙarya, lardin duka za a hana fitar da nama. Shugaban ƙasa shi ke sa hannu, Haladu, amma mu muke wanke kwata."

Na ce to ai sun ji daɗi. Ya tofar da ganyen shayi ya ce kada in yi saurin cewa haka. Kawunsa mahauci ne tun kakanni, an rufe shagonsa don ba shi da halin manna tayil a bango. Ƙananan kwatoci da yawa sun mutu. Aikin ya ninka, albashin bai motsa ba, shi ya sa shi ma yake nan yana shan shayi a bayan firji. Kuma har ranar ba a shigar da su ƙungiyar ba. "Amma," in ji shi, "in ka tambayi garinmu takarda, za ka samu."

Mu ma ai muna cikin tamu ƙungiyar ta ƙasashen yammacin Afirka, tambarinta ma yana jikin fasfona. Tun ina yaro muke ciki. A shekara goma sha bakwai ba wanda ya taɓa zuwa daga ko'ina ya ce min, Haladu, mu ga littafinka.

Dakta ne ya hana a kore ni ranar. Ya kuma ce yana neman mataimaki, mai hannu, ba mai takarda ba. Amma ofishin kamfanin suka ce dole sai da takarda ɗaya: shaidar cewa na yi wannan aikin, daga inda na yi shi, da hatiminsu, sannan jiha ta tabbatar, Abuja ta tabbatar, ofishin jakadanci ya tabbatar. In ta iso kafin bizata ta ƙare, za a sabunta min a matsayin mataimakin mai duba nama. In ba ta iso ba, jirgi. Dakta ya ce shi da ya nemi tasa, kwana uku garinsu suka yi suka turo. Na ce masa ni ma ba za ta gagara ba. Na faɗa ne kawai don kada in ji kunya.

To, a nan na yi irin wautarmu. Mu in muna neman abu, sama muke kallo. Na nemi lambar ciyaman, na aika masa turare mai kyau ta hannun wani ɗan kasuwa. Turaren ya isa, ya kira ni ya yi godiya, ya ce in ɗauka an gama. Bayan kwana tara gwamna ya rushe shugabannin ƙananan hukumomi, ya naɗa mana kantoma. Na nemi wani ɗan majalisa da muka yi firamare tare, ya ce, "Haba Haladu, wannan ai ƙaramin abu ne." Daga ranar wayarsa ta daina shiga. Na nemi surukin kantoman, shi ma na aika masa nasa turaren. Sati huɗu suka tafi a haka.

Ƙanena Kabiru, tela ne, shi yake rufe shago yana zuwa sakatariya a madadina. Kullum ya kira ni da sabon labari.

"Yaya, sun ce fayil ɗinka ba ya nan."

"Ya tafi ina? Shi ma Dubai?"

"Wai rufin ɗakin fayil ya yi yoyo da damina, gara ta ƙarasa sauran. Sun ce ba abin da zai nuna ka taɓa aiki a nan."

"Sakataren da ya faɗa maka haka, ni nake zaɓar masa hanta duk Juma'a!"

"Na faɗa masa, Yaya. Ya ce hanta ba takarda ba ce. Kuma wai ko an rubuta, hatimin yana wurin tsohon ciyaman, ya tafi da shi gida, ya ce ba zai bayar ba sai kotu ta yi hukunci."

Garba yana jin mu daga saman gado. Ya ce, "Duba-gari, ka cika wahalar da kanka. A bakin kowace tasha akwai mai sassaƙa hatimi. Ka ce wa ƙanenka ya yo maka na gwamna ma gaba ɗaya, sa fini, an gama."

Na ce, "A nan in suka kama takardar bogi, ba gida za su tura ni ba, gidan yari ne. Ban da haka ma, aikin nan na yi shi. Shekara goma sha bakwai. Ban ga dalilin da zan saci abin da yake nawa ba."

Saura sati biyar na gaya wa Dakta gaskiya. Ya saurare ni har na gama lissafa masa manyan da na bi. Ya ce, "Duk waɗannan, wa ya taɓa ganin ka da wuƙa a hannu?"

Na ce babu.

"To wa ya gani? Ba ku da littafin yanka?"

Muna da shi. Kullum in an gama, nakan rubuta shanu kaza, awaki kaza, na wane da na wane, wanda na hana da dalilinsa, in sa hannu, Sarkin Pawa ya dangwala yatsa. Kuma na san inda littattafan suke. Ba a sakatariya ba. Sarkin Pawa Ɗanlami ne yake kwashe duk wanda ya cika ya kai gidansa, saboda in an zo cigiyar saniyar sata, littafin ne yake wanke mahautansa. Matsalar ita ce, a duk garin ba wanda ya tsane ni kamar Ɗanlami. Mu duba-gari in mun hana nama, kananzir muke zuba masa don kada a zagaya a sayar. Na zuba wa na yaransa ba adadi. Shi kansa na taɓa zuba wa wani ƙaton sansa ranar kasuwa, a gaban jama'a, don huhunsa duk ƙurajen tarin fuka ne. Shekara shida bayan nan ko gaisuwata ba ya amsawa, yatsa kawai yake dangwalawa ya juya.

Kwana biyu ina juya lambar da Kabiru ya samo min. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin a gida hantsi ne an gama yanka, na kira.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe."

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana?"

"Haladu ne. Duba-gari."

Ina jin saran gatari a kan ƙashi a bayansa.

"Mai Kananzir? Ashe kana duniya. An ce kana can kana duba wa Larabawa nama. Su ma kana yi musu wankan?"

"Dako nake yi, Sarki. Raguna nake ɗauka a kafaɗa."

Ya yi dariya har ta zama tari. Na ji yana cewa, "Kai, ku zo ku ji, Mai Kananzir ya zama ɗan dako!" Na bar shi ya gama, don yana bi na bashin wannan dariyar. Sannan na faɗa masa abin da nake nema, ban ɓoye komai ba, har da sati biyar ɗin.

Ya ce, "Ka tuna san nan nawa?"

"Na tuna."

"Fari, mai tozo. Daga Nijar na kawo shi. A gaban surukina ka yi min wannan."

"Na tuna, Sarki. In ya dawo yau da wannan huhun, zan sake zuba masa."

Na faɗa, na ce shi ke nan, na kashe kaina. Har na duba ko ya kashe wayar.

"Ka ci sa'a," in ji shi. "Da haƙuri ka ba ni, da na kashe wayar nan. Ka san wanda suka kawo mana a madadinka? A kan babur yake sa hannu, ko sauka ba ya yi, a ƙulle masa hanta a leda ya wuce. Watan jiya aka yi suna a bayan masallaci, mutum goma sha suka kwana a asibiti, aka ce mahauta sun sayar da mushe. Ni aka kai wa 'yan sanda, da furfurata. Lokacinka ana zagina a kwata, amma ba a taɓa zagina a gari ba. Turo min ƙanen naka."

Sauran labarin daga bakin Kabiru na ji shi, kullum da la'asar. Ranar Litinin Sarki ya sa aka loda littattafan a kura, buhu biyu, aka tura har ƙofar ofishin kantoma. Ya sa babbar riga ya bi su. Ya zazzage su a kan tebur, wasu da tabon jini, ya ce ga Haladu nan, kowace rana da sa hannunsa, a rubuta masa takardarsa. Kantoma ya ce abin yana da tsari, sai an kafa kwamiti, kuma ga maganar hatimi. Sarki ya ce, "To, ranka ya daɗe, Allah ya ba kwamiti sa'a." Ya bar littattafan a nan ya fita.

Talata ba a yi yanka ba. Laraba ma haka.

"Yaya, garin nan ko ƙashi babu!" Kabiru yana magana yana dariya. "Masu tsire sun kife tukuba. Masu abinci sun je sakatariya da ludayi. An tambayi Sarki, ya ce shi ba yajin aiki yake ba, wai wuƙaƙensu ne suka dakushe, kuma mai wasa su yana jiran kwamiti."

Ranar Alhamis kantoma yana da baƙi daga babban birnin jiha, an riga an yi wa matarsa maganar girki. Da safiyar ranar, hatimin da aka ce yana gidan tsohon ciyaman ya fito daga durowar sakatare. Ashe biyu ne. A gaban Sarki aka buga takardar, aka sa hannu, aka buga hatimi. Bai yarda an ba masinja ba, da hannunsa ya karɓa ya miƙa wa Kabiru. Kafin azahar an kayar da shanu huɗu.

Daga nan Kabiru ya ɗauki hanya. Ma'aikatar ƙananan hukumomi a jiha, kwana shida. Abuja, ya kwana a tasha sau biyu. Sai ofishin jakadanci. Abin da ya ba shi mamaki, ya ce ba inda aka tambaye shi ko yayansa ya iya duba nama. Kowane ofis hatimin da ke gabansa kawai yake dubawa, in ya gamsu ya ɗora nasa. Na Abuja ya dogara da na jiha, na jiha ya dogara da na garinmu. Da na faɗa wa Dakta sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Mu shekara nawa aka yi ana koya mana wannan."

Wani ɗan kasuwa mai zuwa sarin waya ya taho min da ita a cikin jakarsa. Na karɓa a Deira, na kai ofishin da ake buga hatimin ƙarshe na nan ƙasar. Ranar da na shiga babban ofishin kamfaninmu a Al Khabaisi, saura kwana huɗu bizata ta mutu.

Wata 'yar Filifin ce a kan tebur. Ta juya takardar gaba da baya. Hatimi biyar. Na nan ƙasar yana ƙyalli, na jakadanci da na Abuja manya-manya, har da jan kati. Ta ɗora farce a kan na can ƙasa, ɗan ƙarami, a karkace, tawadarsa ta kusa ƙarewa, da kyar ake karanta sunan garin.

"Wannan fa, na waye?"

"Na gwamnati ne, madam."

"Wace gwamnatin? Ga na gwamnati nan a sama."

"Ta farko. Waɗancan duk a kanta suke tsaye."

Ta kalle ni, ta ga ba wasa nake ba, ta shiga buga kwamfuta. Can ta lura da wani tabo a gefen takardar, shatin babban yatsa, na maiƙo, ya ratsa har baya. Ta yamutsa fuska ta zaro tishu. Na dafe takardar da tafin hannuna.

Na ce, "Bar shi, madam. Shi ma sa hannu ne."

Aka sabunta min shekara biyu. Ranar Lahadi na shiga ɗakin sanyi da farar riga a kan riguna ukun, Dakta ya miƙo min wuƙa sabuwa a kube a gaban mudir. Motar filin jirgi ta ja baya ta buɗe. Na shafa rago na farko, lafiyarsa ƙalau. Na biyu ma haka. Na uku, na ce a ajiye min shi a kan tebur.